Akuyar Aghali

Ku ƴaƴana, kun tashi kun tarar da baƙin akwatin nan a zaure, da wani wawakeken gurbi a samansa inda wani abu ya taɓa zama, kuma na san kun ji magana iri-iri a kansa. Wasu sun ce muku na wargaza kayan abokina na sayar da rabi. Wasu sun ce jingina ce ta nutse a hannuna. Babu ko ɗaya. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami da furfura a gemuna, bari in faɗa muku yadda aka yi, sannu a hankali, yadda hannun nawa yake iya tafiya.

Sana'ata cigiya ce. Ran Lahadi ina kasuwar dabbobi ta Tawa, sauran ranaku ina bin kasuwannin ƙauye, Kalfu, Takanamat, duk inda mota ta yarda ta kai ni. Wanda akuyarsa ta ɓata, ko taguwarsa ta bi wani garke, sai ya zo ya kwatanta mini, ni kuma in hau tsohuwar taya in ɗaga murya. Cigiya ba ihu ba ce kawai. Sai ka faɗi launi, ka faɗi tsagar kunne, ta dama ce ko ta hagu, ka faɗi shaidar wuta da inda aka ɗora ta, a cinya ko a wuya. Tun ban san harafi ko ɗaya ba nake karanta shaidar gidaje daga nan har Azawak. A wannan aikin na san Aghali. Taguwar ubansa ce ta ɓata, na yi cigiyarta kasuwa bayan kasuwa har aka gano ta, daga nan muka ƙulla. Buzu ne dogo, makaɗin jita a gidajen biki, mai yawan tsokana. Bai taɓa kirana Idi ba, sai Ba'adare, sunan da ake kiran mutanen yankinmu. Akwatin nan nasa ne, shi ne amfilin da yake soka wa wayar jitarsa don ya ƙara mata murya. Yana kiransa akuya, don in an sa masa kuran, wato lantarki, sai ya yi wani kuka siriri kafin ya natsu.

Wata safiya sai ga shi a bayan kabu-kabu, ya rungume akwatin a cinya. Ya sauke shi a zaure ya ce:

"Ba'adare, ga akuyata nan. Za ni arewa, wajen masu zinariya. Ka riƙe mini ita."

"Mi take ci?" na ce.

"Kuran. In babu, ta yi azumi."

Muka yi dariya, ya sha ruwa, ya tafi. Ku lura da kalmar da ya faɗa, riƙe, don duk abin da ya biyo baya a kanta ya rataya.

Damina ta wuce, wata ta zo, ba Aghali ba labarinsa. A wannan shekarar ce muryata ta fara guduna. Da farko sai bayan la'asar take dishewa, daga baya tun da hantsi. Likita ya leƙa maƙogwarona da ƴar fitila ya ce in ban daina ɗaga ta ba, wata rana zan buɗe baki iska kawai ta fito. Na ari ƴar lasifikar hannu irin ta masu tallar maganin ɓera. Ita kuwa ƙara take yi, ba ta magana. Na yi cigiyar akuya ja, wani bawan Allah ya jawo mini jaka. Mutane suka fara kai cigiyarsu wani wuri, ni kuma na fara tsayawa a zaure ina kallon akwatin Aghali. Na tuna yadda a gidan biki ko ya yi raɗa ne a mikiro ana jinsa har ƙarshen layi, da kauri, kamar yana tsaye kusa da kai.

Na ɗauke shi na kai wa Sani mai rediyo, wanda rumfarsa take bayan tasha. Tambaya kawai na je yi. Ya juya bayan akwatin, wanda a buɗe yake, ya ce in sunkuyo in gani. Ban taɓa leƙa cikin irin wannan abu ba, kuma abin da na gani ya hana ni tashi. Na zaci cike yake da inji, ashe rabinsa iska ce. A sama akwai wani ƙarfe mai kamar faranti, shi ne mai maɓallan da ake murɗawa. A ƙasa akwai wani abu kamar ƙatuwar malafa ta baƙar takarda, da dunƙulen ƙarfe a ƙeyarta. Wayoyi biyu ne kaɗai suka haɗa su, ja da baƙa. Sani ya kusantar da turnabis, ƙarfen nan na kwance noti, dunƙulen ya fizge shi daga hannunsa, ƙas.

"Ka ga wanga na sama? Shi ne kai. Wanga na ƙasa baki ne. Kai sai kuran na gari, kasuwar bisashe ko babu kuran. Amma baki ba ruwanshi. Dut wanda ya ba shi abinci, maganarshi zai yi."

"Takarda ce hwa, Sani. Ƙaƙa takarda ke magana?"

Ya kwantar da akwatin rigingine, ya cire ƙyallen gaba, ya ɗebo gero kaɗan daga kwanon kajinsa ya zuba a cikin malafar. Ya ɗauko batirin tocila ya taɓa shi da ƴan wayoyi a ƙeyar bakin. Geron ya yi tsalle. Ya juya batirin, takardar ta shige ciki. Ya sake juyawa, ta turo waje. Ya ce ai murya ke nan, turi da ja ne kawai, amma da saurin da ido ba ya gani. Na sa yatsa a maƙogwarona na yi gyaran murya, na ji abin yana kaɗawa. Na daɗe a tsugune ina juya batirin nan kamar yaro, har Sani ya ce zan ƙarar masa da shi.

A ƙeyar bakin na ga an buga takwas, wanda na riga na sani daga makarantar yaƙi da jahilci da nake zuwa a lokacin, sai wata alama a gefensa kamar kofaton doki. Na rantse na taɓa ganin irinta a wuyan raƙuman wasu mutanen arewa. Na zana ta a tafin hannu na kai wa malamarmu, ta ce ba ta cikin baƙaƙen Hausa, ba ta cikin na Faransanci. Sani ne ya ce ma'aunin kaya ce, tana faɗa wa kai nauyin da zai ɗauka, kamar yadda ba a ɗora wa ɗan jaki kayan amale. Ya ce yana da wani ɗan ƙaramin amfili mai cin batirin moto, wato babur, wanda zai iya ɗaukar wannan takwas ɗin. Abin da ya rage shi ne a raba baki da kai, a huda bayan akwatin a sa ƴar kafar da ake soka waya, wadda suke kira jak. In na soka wayar ƙaramin amfili, baki ya saki tsohon kansa ya bi sabo. In na zare, ya koma wa na da.

Na ce a dakata. Na mayar da akwatin gida ba a taɓa shi ba.

Uwarku Rabi ba ta bari na gama bayani ba.

"Ajiya ce, Malam. Ajiya kuwa ko ƙura za ka share mata sai ka yi a hankali, balle ka kai ta a huda."

"Bai ce ajiye ba. Riƙe ya ce. Kuma akuya ya kira ta."

Kun san bambancin, amma bari in rubuta shi don na bayanku. A wurinmu in mutum ya ba ka ajiya, ka ɓoye ta ka mance har ya dawo. In dabba ya ba ka riƙo, kana shan nononta, kana kai takinta gona, in jaki ne ka ɗora masa kaya. Ba wanda zai ce ka ci amana. Na faɗa wa Rabi haka. Ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta ko dube ni ba.

"Da wasa ya ce akuya. Kai kuma ka ɗauke ta da gaske don ta zo daidai da bukatarka. In da muryarka lahiya take, da ajiya za ka kira ta."

Maganar ta zauna mini, don ban iya cewa ƙarya ta yi ba. Na nemi Aghali a salula har na gaji, kullum matar nan ta cikin salula ce take amsawa. Na tambayi direbobin arewa, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya tsallaka iyaka. A ƙarshe, ranar kasuwar Takanamat, da aka watse sai na hau bayan wani mai moto ya kai ni zangon su Aghali. Uban ya riga ya rasu, sai tsohuwarsa, Fatti. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar bukka, aka ɗora shayi. Sai da aka sha na farko sannan ta bar ni na yi magana. Ta saurara har ƙarshe, da zancen kai da baki da geron da ya yi tsalle, wanda ta sa na maimaita.

"Da wane harshe ya faɗa maka? Da Hausa ko da namu?"

"Da Hausa, inna."

"To, Hausar ɗana ba a yanke shari'a da ita. Har yau namiji da mace duk ɗaya ne a bakinshi."

Matan da ke gefe suka yi dariya. Ta jira suka gama.

"Mu dai, wanda aka ba riƙo yana tatsa. Dabbar da ba a tatsa, hantsarta lalacewa take. Amma ba ya taɓa kunne. Kunne na mai ita ne."

"Ke nan kin yarda?"

"Ni ban ce ba. Ba akuyata ba ce. Na faɗa maka abin da ake yi da mai ƙafa huɗu."

Na dawo da rabin izni, kuma na san rabi ne. Amma Lahadin da ta biyo baya na hau taya na buɗe baki, wani dillali da ke tsaye dab da ni ya ce, "Da mu kake, Idi?" Washegari na ɗauki akwatin zuwa rumfar Sani. Sharaɗi ɗaya na kafa, ba za a huda katako ba, ba za a yanke waya ba. Sani ya yi mita, ya ce tunda yake gyara bai taɓa ganin rediyo mai kunne ba. Duk da haka ya ɗora ƙarfen darma ya yi zafi, ya taɓa shi inda wayoyin biyu suka manne da bakin. Darmar ta narke ta yi ƙyalli kamar ƙwallar ido, wayoyin suka saki da kansu. Ya mayar da su jikin jak, ya ja wasu biyu daga jak zuwa baki, ja a gurbin ja, baƙa a gurbin baƙa. Ni kuma na ɗaure jak ɗin a cikin akwatin da tsirkiyar fata, ɗaurin da ake iya kwancewa. Ya soka ƙaramin amfili, ya miƙo mini mikiro.

Na ce, "Salamu alaikum," ƙasa-ƙasa, yadda likita ya ce.

Mai shayin da ke ƙetaren hanya ya amsa.

Daga nan na riƙa tura akwatin a ƴar kura, da batir a gefensa. Ina magana kamar ina hira da mutum ɗaya, kasuwa duka tana ji, kuma muryata ce, ba ta gwangwani ba. Cigiya ta dawo hannuna, maƙogwarona ya huta. Kuka ci, kuka sa tufafin salla, daga bakin akwatin nan. Rabi ta ɗinka masa riga da buhu saboda rana, amma ba ta taɓa cewa ta canza ra'ayi ba.

Ɓarnar ta zo daga son gwaji irin nawa. Wata mata ce ta zo tana jan akuya, ta ce ɗan akuyar ya ɓace a cikin cunkoso, ga uwar tana ta kuka. Sai na ce a raina, mi zai sa ni kwatanta shi, ga wadda ta fi ni sanin sunansa? Na kai mikiro bakin akuyar. Kukanta ya fita ya rufe kasuwa. Duk wani ɗan akuya da ke wurin ya amsa, nata kuwa ya keto tsakanin ƙafafun mutane a guje. Ana cikin dariya, wani ƙaton rago balami da ke ɗaure kusa da mu ya firgita, ya tsinke igiya, ya ja da baya, ya zo ya gabza wa akwatin kai. Ƙahonsa ya ratsa ƙyallen gaba ya keta takardar, tsawon ɗan yatsa.

Sani ya liƙe ta da gam da ƙyallen tsohon rawani. Ta ci gaba da magana, amma da wani ɗan ziza a ƙarƙashi, kamar ƙuda a cikin tulu. Masu kawo cigiya ba su lura ba. Ni ina jinsa a kowace kalma. Da na shigo da shi gida Rabi ta dubi yagaggen ƙyallen gaba, ta dube ni, ta ɗauko allura ta ɗinke shi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Aghali ya dawo a wani rani, ran kasuwa, ba sanarwa. Ina tsakiyar cigiyar wata saniya sai na ji an zare mikiro daga hannuna. Ya rame, ya yi baƙi, amma idon nan na tsokana yana nan a saman rawani. Ya gyara murya.

"Jama'a, ana cigiya. Akuya baƙa, mai igiya ɗaya, ba ta cin ciyawa. An bar ta wajen wani Ba'adare, ya mayar da ita ƴar talla. Wanda ya gan shi ya kama shi."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Na rungume shi, na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi. Muka tafi gida tare, yana tura kurar da kansa, yana cewa tun daga tasha ya gane muryarta. Na nuna masa jak da tsirkiyar fata, na ce ya duba, ba huda ko ɗaya. Na faɗa masa zancen ragon kafin ya gani, ya ce ai akuya da rago ba a shiga tsakaninsu. Na zare wayata, muka ja kuran daga ɗaki, ta yi ɗan kukanta siriri, ya soka jitarsa.

Ya taɓa tsirkiya mai kauri sau ɗaya, ya tsaya. Ya sake taɓawa, ya bar sautin ya mutu da kansa, kansa a karkace. Zizar da mutane ba sa ji a magana, a jita ta fito fili.

"Da wannan na koya," ya ce. "A can cikin rami, in na rufe ido, muryarta nake ji. Ba wannan ba ce."

"Na neme ka, Aghali. Har wajen inna na tahi."

"Ta gaya mini, can na fara sauka. Ta ce ta faɗa maka kada ka taɓa kunne."

"Ban taɓa ba."

"Ba ka taɓa ba, Malam Idi. Ka dai kai ta inda za a taɓa."

Sunan nan da ya kira ni da shi ya fi mini zagi ciwo. Ya nemi turnabis, na aika aka karɓo wajen Sani. Ya kwance kan daga saman akwatin a natse, ya naɗe shi a mayafinsa, ya saɓa jita. A ƙofa ya ce bakin nawa ne, tunda maganata ya koya. Ban san ko kyauta ce ko saki ba, kuma bai tsaya na tambaya ba.

Abin da na biya ke nan, kuma ina so ku san ba kaɗan ba ne. Ya sami wani baki ya haɗa da kansa ya koma kiɗa. Muna haɗuwa a kasuwa mu gaisa, ina gida, ina gajiya, kamar mutanen da suka taɓa shiga mota ɗaya. Ya yi aure ban ji ba sai daga bakin wasu. Ban bi shi da ban haƙuri ba bayan na farko, don na lura duk lokacin da na fara sai in koma kare kaina. Na yi ta juya maganar ina tura kura. In aka mayar da ni wancan lokacin, da murya tana guduna da ku kuna ƙanana, ina jin abin da na yi zan sake yi. Kuma shi ma yana da gaskiya. Na kasa sa ɗayan ya kori ɗayan, sai na bar su suka zauna tare.

Ana nan sai wani mai moto ya tsaya a ƙofar gida ya ce tsohuwa Fatti ce ta aiko shi. An yi wa Aghali ɗiya, suna jibi, ta ce in zo, kuma in zo da abin nan mai sa gero tsalle, don zango ba kuran, injin kuran da suka yi zaton samu kuma bai samu ba. Na tambaya ko Aghali ya san da aiken. Ya ce shi dai tsohuwa ce ta aiko shi.

Rabi ta wanke rigar buhun, ta ƙulla mini turmin zane na mai jego. Na isa da hantsi, aka ci nama, aka yi addu'a. Aghali ya gaishe ni cikin mutane, ya wuce. Da la'asar ta yi sanyi mata suka zauna a da'ira suka fara tafi, ana ta duban inda jita take jingine. Tsohuwa ta ce da ni, da ƙarfi yadda kowa zai ji, in kawo kayana tsakiya in daina tsayuwa kamar baƙon raƙumi. Na ajiye akwatin a kan tabarma, na haɗa batir, na soka ƙaramin amfili a jak. Na zare mikiro, na riƙe ƴan yatsuna a kan maɓallin ƙarfi, na jira. Ban dubi kowa ba.

Na ji takun Aghali a yashi. Ya tsuguna, ya soka wayar jita a gurbin mikiro, ya taɓa tsirkiya mai kauri. Zizar ta fito, ta bi fili, ta daki duwatsun da ke bayan zango. Ya yamutsa fuska. Ya sake taɓawa, ya bi ta da wata, ya sake komawa kanta kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo. Wata mata ta rangaɗa guɗa, tafi ya kama kiɗan, shi kuma bai tsaya ba. Ya yi nisa a ciki kafin ya sunkuyo wajen kunnena, idonsa a kan tsirkiya.

"Har yanzu muryar tata ba daɗi," ya ce. "Ƙara mata ƙarfi, Ba'adare, na baya ba su ji."

Na murɗa.